Ranar da Kakana Ya Ce Mu Masu Wucewa Ne

Ina iya manta abubuwa da yawa, har ranar aurena wasu sassanta sun fara ɓace mini, amma ba zan taɓa manta ranar da kakana ya kusa raba mu da gidanmu da bakinsa ba. Yana zaune a kan buzunsa ya yi wannan aiki, hankalinsa kwance, carbi a hannu. Shekara ashirin da wani abu ke nan, amma duk lokacin da na shigo layinmu na hango kukar da ke ƙofar gida, sai abin ya dawo mini sabo.

Unguwarmu tana gefen kwarin da ya ratsa garin Gadarif na ƙasar Sudan, wanda ake kira Abu Farga. Iyayen kakanninmu ne suka kafa ta, mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji. Sukan tsaya su yi noma damina ɗaya su sami guzuri, su ƙara gaba. Wasu sun isa Makka. Wasu kuma damina ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama goma, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su. Sai dai tsofaffinmu ba su taɓa yarda sun zauna ba. A wurinsu har yanzu a hanya suke, sun dai sauke kaya ne su huta. Idan ka tambayi tsoho yaushe zai tashi, sai ya ce maka bayan kaka, in Allah ya so.

Kakana shi ne shugaban masu wannan ra'ayi. Ya shigo Gadarif yana saurayi, ya tsufa a cikinta har haƙoransa suka zube, amma akwatinsa na ƙarfe yana ɗaure da igiya a ƙarƙashin gado, da haraminsa a ciki. Sau uku mahaifina yana tara bulo zai gina ɗaki, sau uku tsohon yana hana shi. "Matafiyi da bulo? Wa zai ɗaukar maka shi?" Saboda haka gidanmu duk guɗɗiyya ne, wato bukkokin nan masu zagaye da jinkar ciyawa da aka san Gadarif da su. Takardar fili kuwa ko zancenta ba a yi a gabansa. Larabawan kasuwa suna kiransa Hajj don girmamawa, shi kuma kullum sai ya gyara musu: "Ban isa ba tukuna."

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce "uwargida" tun rasuwar kakata. Kullum muna cikin tsiya. In na kawo masa shayi ya ce ya yi sanyi, zai sake ni ya auro wata a garin Hawata. In ce masa wace mai tsautsayin ce za ta auri mijin da ba shi da ko ɗakin bulo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A lokacin ban daɗe da fara koyarwa a makarantar firamare ba, ina ji da kaina, ina ganin babu abin da takarda da biro ba za su warware ba.

A shekarar ne hukuma ta ce za ta tsara unguwarmu. Za a fitar da tituna, a yanka filaye, a jawo ruwa. Aka kafa lajna, wato kwamitin da zai bi gida gida ya rubuta waɗanda suka daɗe a wurin. Wanda aka rubuta, filinsa ya zama nasa da takarda. Wanda ba a rubuta ba, ranar da motar rusau ta zo sai ya kwashe kayansa. Mun yi watanni muna jiran lajnar nan ba ta zo ba. Sai da lokacin yankan riɗi ya kama, maza duk suka watse gonaki, sannan ta ga damar zuwa. Mahaifina da ƙannensa suna can wajen Ƙala'at an-Nahal, kuma duk wanda ya san riɗi ya san in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana kaɗan za ka ƙara ya zube a ƙasa.

Na dawo daga makaranta da azahar na ga an rubuta lamba da jan fenti a ƙofar kowane gida. Na maƙwabcinmu na dama akwai, na hagu akwai. Ƙofarmu fes. Na shiga na tarar da mahaifiyata zaune a bakin murhu, ba wuta, idonta ya yi ja. Ta ce mini mutanen sun zo, tsoho ne ya tarbe su, ta ji komai ta bayan zana. Ma'aikacin ya tambaye shi tun yaushe yake zaune a nan, ya ce shi ba mazauni ba ne, wucewa yake yi. Ya sake tambaya har sau biyu, ya sake ba shi amsa ɗaya. Na ce, "Inna, ke kina ji ba ki fito ba?" Ta dube ni kamar na zage ta. "In fito in ƙaryata surukina a gaban baƙi?" A lokacin haushinta na ji. Yanzu da na yi zama da nawa surukan, na gane ko ni ce ba zan iya ba.

Washegari na nemi izini a makaranta na tafi ofishin lajnar. Na sami ma'aikacin, wani dogon mutum ɗan arewa, daga garuruwan bakin Nilu, wanda bai fi shekara ɗaya da zuwa Gadarif ba. Gajiya duk ta bayyana a fuskarsa. Ya buɗe babban littafinsu ya juyo mini shi. A gaban gidanmu an rubuta kalma biyu da Larabci, ma'anarsu mai wucewa. Ya ce, "Ya ustaza, sau uku na tambaye shi. Har na ce masa ya yi tunani. Ya ce ya yi tunani tun kafin a haife ni." Ya tambaye ni ko muna da wata takarda, ko da rasit ne na da. Ba mu da ko ɗaya. Na yi ta roƙonsa. Daga ƙarshe ya ce ranar Alhamis za su rufe littafin, zai biyo da safe sau ɗaya. Idan mai gidan ya gyara maganarsa, shi ke nan. Idan bai gyara ba, shi ba zai rubuta abin da mutum ya musanta da bakinsa ba.

Kwana uku na yi ina fama da tsohon nan. Na bi ta wasa, na bi ta lallashi, na turo masa limamin unguwa. Limamin ya fito yana girgiza kai, don shi ma mahaifinsa haka ya mutu da akwati a ɗaure. Ranar Laraba da la'asar na zauna a gabansa na ce ya gaya mini dalili. Ya ce mahaifinsa a Hawata ya rasu, a bakin kogi, zazzaɓi ya kayar da shi suna hanya. Kafin ya cika ya riƙe hannunsa ya ce, "Kada ka kwance kayan." Ya ce, "Uwargida, in na buɗe baki na ce na zauna, na kwance ke nan. Me zan ce masa in mun haɗu?"

Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da na yi shiru. Amma sai na ce, "Shekara sittin kana cewa bayan kaka. Ga mota nan kullum tana tafiya Bur Sudan inda alhazai ke hawa jirgin ruwa, wa ya riƙe ka? Kai ba ka tafi ba, mu kuma za ka sa a watsa mana kaya a titi." Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Na sani sarai abin da ya riƙe shi: duk shekarar da ya tara guzuri, sai wata hidima ta taso, ko aure, ko ciwo, ko fari, ya kwance kuɗin ya kashe a kanmu. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunya ta rufe ni. Ranar ko tsiyar shayi bai yi mini ba, ya karɓa ya sha kawai.

Alhamis da hantsi ma'aikacin ya zo shi kaɗai da motar ofis, da littafinsa da wata taswira a naɗe. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar kukar da ke tsakar gida, mahaifiyata ta aiko da jabana, gahawar nan tamu mai citta. Bayan gaisuwa ya ce, "Ya Hajj."

"Ban isa ba tukuna, ɗana."

"To, ya ammi," in ji shi, wato baffa. "Na dawo in sake tambayarka. Kai mazaunin wannan gida ne?"

"Ni baƙo ne. Hanya ta biyo da ni."

Ma'aikacin ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya rufe littafin. Ya tsaya ne kawai don ya ƙarasa gahawarsa, saboda ladabi. Don kada shirun ya yi yawa, sai ya warware taswirar yana nuna mini inda titi zai bi. Ya ce ai dama an gaya musu a ofis unguwar nan ba tsohuwa ba ce, leburori ne suka kafa ta bayan an gina sauma'a, wato dogayen rumbunan siminti na hatsi da ake hangowa daga ko'ina a garin.

Carbin kakana ya tsaya cak.

"Wa ya gaya maka?"

"Haka yake a rubuce, ya ammi."

"Wanda ya rubuta ɗin yana ina lokacin da ake haƙa ramin ginin? Ni na ɗauki siminti a kan nan nawa. Daga gidan nan nake fita da asuba, kuma a lokacin ɗana na fari ya isa kiwon awaki!"

Nan take na tuna wani hali nasa da kowa ya sani a unguwa. Kakana zai yafe maka in ka taka shi, amma ba zai yafe maka ba in ka faɗi tarihin Gadarif ba daidai ba. Sai na gyara zama na ce, da muryar marar laifi, "Tsoho, kada ka ruɗe. Ai ni ma a makaranta haka muke koya wa yara. Har kasuwar amfanin gona ma, an ce tun farko a inda take yanzu take." Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini, ba mu taɓa koyar da haka ba.

Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, abin da yakan ɗauke shi lokaci, amma ranar kamar an cire masa shekara ashirin. "Ku tashi. Da kai da takardarka, da ke da makarantarki. Ku tashi in nuna muku."

Har yau ban san abin da ya sa ma'aikacin ya yarda ba. Wataƙila ya gaji da ofis ne. Ya buɗe wa tsohon gaban mota, ni na shiga baya. Muka fara da bakin kwari. Kakana ya nuna masa inda ake tsallakawa kafin a yi gada, da inda mata ke tona yashi da rani su sami ruwa, da iyakar inda ruwa ya kai shekarar da kwarin ya yi ambaliya ya tafi da rabin bukkokin unguwa. Ya lissafa gidajen da suka tafi ɗaya bayan ɗaya, da inda jikokinsu suke a yanzu.

Daga nan muka je mahaɗɗa, tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ciyawa ta cinye layin dogo, awaki suna kwance a inuwar ofishin. Tsohon ya sa aka tsaya, ya sauka ya dafa bangon wani sito. Ya ce a nan ya yi dako shekara bakwai, suna loda buhunan dawa a taragu suna waƙa da Hausa, har Larabawan da ke cikinsu suka iya amshi. Ya nuna wata tsaga da ta hau bangon tun daga ƙasa, ya ce wa ma'aikacin, "Ka gani? Baƙar lakar garin nan da damina ta kumbura, da rani ta dare. Na gaya wa magina su zurfafa tushe, suka ce me ɗan dako ya sani." Ya juyo ya harare ni. "Ga bulon da kuke so ɗin."

A cikin gari ya nuna inda tsohuwar kasuwar hatsi take tun tana rumfunan kara, da layin maƙera, da inda masu raƙuma ke sauka, wanda yanzu shagunan waya ne. A gaban babban masallaci ya faɗi yadda yake kafin a faɗaɗa shi, da ƙofar da aka toshe. Wani dattijo mai sayar da turare ya hango shi ya taso da gudu ya rungume shi, ya ce wa ma'aikacin, "Wannan? Ranar da aka raɗa mini suna shi ya yanka ragon." Ma'aikacin tun yana murmushin ladabi, har ya ciro biro ya fara rubutu a bayan taswirarsa. Da muka tsaya a gindin sauma'a, tsohon ya ɗaga sanda yana nuna masa wajen da igiya ta tsinke da wani abokinsa, ɗan garin Basunda, Allah ya kiyaye bai mutu ba. Ni da aka haifa a garin, rabin abin da ya faɗa ranar na fara jin sa.

Sai bayan azahar muka dawo gida. Tsohon ya zube a kan tabarma yana haki, amma fuskarsa kamar wanda ya ci gasa. Ma'aikacin bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon kukar, ya zagaya ta, ya buɗe hannuwansa ya rungume ta bai kai ko rabi ba. Ya ce a garinsu ba su da irin wannan itace, amma ya san ba ta girma da gaggawa. Ya tambayi wanda ya shuka ta.

Kakana ya yi tsaki. "Wata mace mai taurin kai. Shekarar da na auro ta, ta ce ba za ta iya tuwo ba miyar kuka ba. Ta samo iri wajen wasu matafiya ta binne a nan. Na ce mata, ke, bayan kaka za mu tashi, wa kike shuka wa? Ta ce in mun tashi, waɗanda za su sauka bayanmu su sha miya." Ya ɗora tafin hannunsa a kan saiwar da ta fito kusa da tabarma. "Ita ta riga ni tashi."

Ina jin mahaifiyata tana jan hanci a bayan zana.

Ma'aikacin ya zauna, ya buɗe littafin. Ya ce, "Ya ammi, ni doka ba ta ce in sa ka ka ce ka zauna ba. Ta ce in tabbatar tun yaushe mutum yake a wurin, kuma yau na tabbatar har na gaji. Ga abin da zan rubuta, ka saurara, in akwai ƙarya ka hana ni. Matafiyi ne, ya sauka a wannan wuri tun kafin a gina sauma'a, matarsa ta shuka itace a cikinsa, kuma bai tashi ba."

Kakana ya rufe ido yana juya maganar. Ni kuwa na san halinsa, yana iya cewa a'a saboda abu kaɗan.

"Ka ƙara tukuna," in ji shi. "Bai tashi ba tukuna."

Mutumin ya ƙara, ya juya masa littafin, tsohon ya dangwala babban yatsa. Sannan ya je mota ya ɗauko gwangwanin jan fenti, da hannunsa ya rubuta lamba a ƙofarmu. Da ya tafi na durƙusa a gaban kakana zan ba shi haƙuri a kan maganar jiya. Bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Uwargida, shayin nan fa? Ko sai na tafi Hawata?" Na tashi ina dariya ina share hawaye.

Da aka zo fitar da titi, an ci wani yanki na tsakar gidanmu, kukar ta koma bakin ƙofa. A taswira titin ta kanta ya bi, amma wani ya ja layin da biro ya ɗan karkatar da shi, kuma ina da zato mai ƙarfi a kan ko wane ne. Yau duk mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, a wannan ɓangare na gari ya san layin kuka. Yara suna tsammanin haka aka halicci titin da lanƙwasarsa.

Kakana bai isa Makka ba. Ya rasu bayan damina biyu, a cikin guɗɗiyyarsa, an binne shi kusa da mai taurin kan. Bayan kwana bakwai mahaifina ya yanke igiyar akwatin a gabanmu. Akwai haramin, ya yi ja don tsufa, da takalmin fata, da ɗan Alƙur'anin mahaifinsa. A ƙasa kuma akwai wani ƙullin tsumma. Na kwance na ga garin kuka ne, kore shar, na shekarar. Mahaifiyata ta ce ai duk kaka sai ya sa ta daka masa sabo ya canza na bara, ya kuma hana ta faɗa. Ashe duk shekarun nan da yake shirin barin gidan, bai taɓa niyyar tafiya ba tare da miyar gidan ba. Da mahaifina ya tafi yi masa hajji bayan wasu shekaru, da haramin ya tafi, da ƙullin.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne in daina auna ƙaunar mutum ga wuri da abin da bakinsa ke faɗi. Na ɗauka tsohon nan bai damu da gidanmu ba tunda ya ƙi kiransa nasa, alhali babu wanda ya riƙe garin nan a ka, bango bango, kamarsa. Na kuma koyi cewa idan dattijo ya kafe a kan abin da kake gani wauta ne, akwai wani alkawari a ƙarƙashi, kuma ya fi kyau ka nemi hanyar da za ta bar masa alkawarinsa da ka matsa masa ya karya. Yanzu gidan na bulo ne, bangon gabas ma har ya tsage kamar yadda ya faɗa. In baƙo ya tambaye ni tun yaushe muke a unguwar nan, nakan nuna masa kukar in ce tun tana iri, kuma ba mu tashi ba tukuna.